Wurare uku, jeri ɗaya: yadda ɗiyar yayata ta zaɓi inda za ta koyi aikin ido a Amurka

Ƙarshen watan Disamba ne ta kira ni wajen sha ɗayan dare, daga yadda ta yi sallama ma na san ba gaisuwa kaɗai ta sa ta kira ba. Ɗiyar yayata ce, tana ajin ƙarshe a makarantar likitanci nan Amurka, ta gama intabiyu ɗinta na neman residensi a fannin ido, wato horon ƙwarewa da sabon likita yake yi a asibiti, abin da ya rage shi ne ta jera wuraren daga wanda ta fi so zuwa na ƙarshe ta tura. Tace Kawu wallahi kaina ya kulle, na yi jadawali a kwamfuta na ba kowane wuri maki, guda uku sun yi kunnen doki a sama, kuma duk wanda na tambaya sai ya faɗa min wani abu daban. Nace turo min jadawalin in gani. Ni ma aikin idon nake yi, na bi ta wannan hanyar shekarun baya, shi ya sa ta neme ni, kuma shi ya sa na zauna nake rubuta yadda abin ya kasance, don na san akwai yaranmu da za su zo su tsaya a inda ta tsaya.

Ga wanda bai san tsarin ba, fannin ido a Amurka ba ya bin babban rabon gurabe na watan Maris da sauran fannoni suke bi, yana da nasa daban da ake kira SF Match, wanda ƙungiyar shugabannin sassan ido na jami'o'i wato AUPO take tsaya masa, kuma sakamakonsa yana fitowa da wuri, wajen ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. Guraben sun ɗan haura 500 a shekara a furogiram wajen 120, masu nema kuma kullum sun fi guraben yawa. Horon shekara huɗu ne, ta farko ta gama-gari ce ana zaga sassan asibiti, uku kuma ido zalla, kuma tun Yulin 2021 hukumar da ke tantance furogiram ɗin, ACGME, ta ce dole a haɗe shekarar farkon da furogiram ɗin idon, a saka wata uku na ido a cikinta. Inda kwamfuta ta jefa ka nan za ka je, ka riga ka sa hannu a kan haka tun farko. Sannan tun da korona ta zo a 2020 intabiyu ya koma Zoom, kenan yarinya za ta zaɓi inda za ta yi shekara huɗu alhali wasu wuraren ko ƙofarsu ba ta taɓa gani ba.

Ba zan kama sunan wuraren ba, ni da ita ma da laƙabi muke kiransu. Na farko Mai Suna, babbar cibiya ce da ko wanda ba likita ba zai iya jin labarinta, malamai birjik, kowane reshe na ido akwai 'yan feloship, wato likitocin da suka gama residensi suke ƙarin horo a reshe ɗaya. Na biyu Mai Adadi, su kuma abin tinƙahonsu shi ne yawan aikin yanar ido da yaransu suke yi kafin su gama, a allon farko na gabatarwarsu ma suka saka lambar da manyan haruffa. Na uku Ɗan Ƙarami, jami'a ce ta tsakiyar ƙasa da ba ta cikin waɗanda ake ambato idan ana lissafa manyan cibiyoyin ido irin su Bascom Palmer da Wills da Wilmer, suna ɗaukar mutum huɗu a shekara, suna da asibitin tsoffin sojoji wato VA da kuma asibitin gunduma inda marasa inshora suke zuwa. A jadawalin nata akwai layin matsayi a jerin U.S. News da na Doximity masu auna asibitoci da furogiram, layin adadin aikin yana, layin yawan kwanan kol wato daren da likita ke jiran a kira shi asibiti, layin inda waɗanda suka gama suka samu feloship, layin gari, da wani layi a ƙarshe da ta rubuta masa "yadda na ji a raina". Jadawalin ya yi kyau, ta sha wahala a kansa. Matsalarsa ɗaya ce, duk abin da ke ciki in ban da layin ƙarshen abin da su furogiram ɗin suka zaɓa su faɗa mata ne.

Daga adadin muka fara don shi ya fi ruɗa ta. ACGME tana da mafi ƙarancin aikin da ɗan residensi zai yi da hannunsa kafin a sallame shi, na yanar ido 86 ne, na gyaran harara-garke 10, na fashewar ido 4, haka dai kowane iri da lambarsa. Toh 86 ɗin nan ƙasa ce, ba wanda yake alfahari da ita. Akwai ma wani bincike da aka buga a 2007 daga jami'ar Emory da ya bi ayyukan 'yan residensinsu, ya nuna matsalar zubar ruwan bayan ido tana raguwa sosai bayan mutum ya wuce aiki 80 na farko, kinga kenan wanda ya gama da 86 cif yanzu ne ma hannunsa ya fara zama. Mai Adadi sun ce nasu ya haura ninki uku na wannan, Mai Suna kusan ninki biyu, Ɗan Ƙarami yana tsakaninsu. Nace mata lambar da suka ba ki matsakaici ce, a aji mai mutum huɗu ko biyar idan ɗaya hannunsa na da sauri kuma malamai na sonsa zai iya ja matsakaicin sama alhali wani yana can ƙasa yana fama. Ki tambayi lambar wanda ya fi kowa ƙaranci a ajin da ya gama bara da na bara waccan. Furogiram yana da wannan bayanin, kowane ɗan residensi yana shigar da ayyukansa a rajistar ACGME ɗaya bayan ɗaya, in suna so su faɗa miki minti biyu bai kai ba.

Amma ko wannan ɗin ba shi ne abin da ya fi damuna ba, sai da na ba ta labarin kaina kafin ta gane inda na dosa. Aikin yana na zamani, irin wanda Charles Kelman ya ƙirƙiro a 1967, ta ɗan yanka ake shiga da bai kai milimita 3 ba, a buɗe gaban 'yar jakar da madubin cikin ido yake zaune a ciki, a zagaya a yage shi da'ira mai faɗin wajen milimita 5, sai a farfasa yanar da injin fako a zuƙe, a zura madubin roba a cikin jakar. Bayan jakar nan siririya ce da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Hannu biyu na aiki, ƙafa ɗaya na kan fedar injin ɗaya na kan ta maikiroskop, mara lafiyan kuma idonsa biyu a ƙarƙashin mayafin tiyata yana jin duk abin da ake faɗa. Ranar da na fara huda bayan jakar, ina cikin zuƙar gutsuren ƙarshe sai na ga gaban idon ya zurfafa lokaci guda, gabana ya faɗi, abin da jikina ya ce min shi ne in zare hannu in fita, wanda kuma shi ne babban kuskure don in ka zare matsin cikin idon ya faɗi ruwan bayan sai ya biyo ka. Malamata tana zaune a madubin gefe tana ganin abin da nake gani, ba ta ɗaga murya ba, ƙasa-ƙasa tace tsaya inda kake, kar ka motsa, ta miƙo sirinjin wani mai mai kauri da ake amfani da shi a tiyatar ido ta ɗan ƙofar gefe ta cika gaban idon, sannan tace yanzu fito a hankali. Na ɗauka za ta ce in tashi ta karɓa. Ba ta karɓa ba. Ta sa ni na yanke ruwan da ya leƙo da kaina, mataki-mataki tana faɗa min, muka saka madubin a gaban jakar maimakon cikinta, kuma washegari ni ta sa na zauna na yi wa dattijon bayanin abin da ya faru. A wannan shekarar dai akwai wani malamin da in ka yi jinkirin daƙiƙa goma sai ya dafa kafaɗarka ya ce tashi, ya ƙarasa aikin, kai kuma ka koma gefe. Ayyukan da na yi da shi suna nan a lissafina, amma in an tambaye ni inda na koyi aikin yana ranar malamar nan zan nuna.

Nace mata to kinga abin da nake so ki binciko ba ya shiga jadawali. Waye yake zama a madubin gefe, kullum akwai shi ko sai an kira, in abu ya ɓaci karɓewa yake yi ko koya miki fita yake yi, kuma a wane wata ne ɗan residensi yake yin aikinsa na farko daga yanka har rufewa. Tace Kawu ai ba zan iya tambayar daraktan furogiram haka ba. Nace ba shi za ki tambaya ba. Taron Zoom da ake haɗa ku da 'yan residensi da yamma ma ba wurin wannan tambayar ba ne, mutum ashirin a allo kowa na murmushi, su ma an zaɓo masu fara'ar ne. Ki nemi lambar mutum ɗaya da yake shekararsa ta farko a ido, shi ne yake ɗauke da wahalar wurin a yanzu, ki kuma nemi wanda ya gama shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, shi ba abin da zai rasa in ya faɗi gaskiya, kuma ya riga ya fita ya ga abin da ya iya da abin da bai iya ba.

Sati biyu ta yi tana wannan kiraye-kirayen, tsakanin aikin asibitin da take yi, wasu suka amsa wasu ba su amsa ba. Na Mai Adadi ne ya fara warwarewa. Lambar gaskiya ce, ba ƙarya suka yi ba, har wanda ya fi ƙaranci ma lambarsa babba ce. Amma wata da ta gama can ta faɗa mata cewa a asibitin da ake yin yawancin ayyukan malami ɗaya ne yake kula da ɗakunan tiyata biyu, yana leƙa nan yana leƙa can, kuma ita ta fi koyo daga babban ɗan residensi da ya girme ta da shekara ɗaya tak. Tace hannuna ya yi sauri, amma da na fita aiki na gane akwai wasu halaye da na ɗauka da ba wanda ya taɓa gyara min, sai da abokin aikina ya kalli bidiyon tiyatata ya nuna min. Ta kuma ce a shekara uku mutum biyu sun bar furogiram ɗin, da ɗiyar tawa ta tambayi wani da yake can yanzu dalili sai ya yi shiru ya ce abin na da tsawo. Ban san abin da ya faru ba kuma ban yanke musu hukunci a kan wannan ba, mutane na barin residensi saboda rashin lafiya ko iyali, amma a fannin da aka sha wuya kafin a shiga, mutum biyu su fita daga ƙaramin aji abu ne da ya kamata a iya yi maka bayaninsa a jimla ɗaya. Mun duba shafin ACGME da kowa zai iya shiga ya ga matsayin tantancewar furogiram, ko lafiya ƙalau yake ko an yi masa gargaɗi, duka ukun lafiya suke, don haka wannan bai raba mana gardama ba.

Kol ɗinsu ma ya ƙara min shakka. Dokar ita ce kar aiki ya wuce awa 80 a sati in aka raba a kan sati huɗu, amma yawancin wuraren ido kol ɗin gida suke yi, kana gida a kira ka, kuma zaman jiran kiran ba ya shiga lissafin awannin. A takarda abin sai ya yi kama da hutu. A Mai Adadi mutum ɗaya ne yake riƙe asibiti uku da dare har da cibiyar masu haɗari, yana tuƙi daga wannan zuwa wancan, washegari kuma kilinik na jiransa cike. Sabon shiga kuma 'yan kwanaki kaɗan ake haɗa shi da babba kafin a bar shi shi kaɗai. Ka tuna fa ɗalibin likitanci yana gama makaranta bai iya ido ba, 'yan kwanaki ake yi a fannin a yawancin makarantu, ko riƙe madubin duba bayan ido ya ga ratina sosai, wato shimfiɗar bayan ido da take karɓar haske, sai ya yi makonni yana fama, sai a ce shi ne zai yanke shawara ƙarfe biyun dare ko wannan ɓallewar ratina ce ko a'a. A Ɗan Ƙarami watanni biyun farko ba ka ganin mara lafiya da dare sai babba ya zo ya gani tare da kai.

Na Mai Suna kuwa, a nan ne ni ma na gyara tunanina. Tun farko na ɗauka labarin da aka saba ne, inda 'yan feloship suka yi yawa su ne suke cinye aikin, ɗan residensi sai riƙe kaya da rubutu. Rabin hakan gaskiya ne. Wani da ya gama can ya faɗa mata cewa aikin ratina da dashen baƙin ido da na fatar ido kusan duk na 'yan feloship ne, kai dai ka kalla ka taimaka ka cika lambar da doka ta ce. Ko fashewar ido da dare, wanda a ganina shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya, felo ake fara kira, in yana da kirki ya bar ka ka yi ɗinki biyu uku. Amma suna da VA da ba felo ko ɗaya a ciki, manyan 'yan residensi ne suke riƙe da shi wata da watanni, malamai biyu da suka daɗe suna koyar da aikin yana suna zama da su a kowane aiki, kuma kowane sati ana kunna bidiyon tiyatar mutum a tattauna. Wannan kam abin yabo ne. Sannan irin cututtukan da ake turo musu daga jihohi daban-daban, kansar ido, kumburin cikin ido mai wuyar ganewa, cututtukan gado na ratina, wani likitan zai gama aikinsa ya yi ritaya bai ga rabinsu ba. Laccocinsu a tsare suke, ana bin littattafai 13 na ƙungiyar likitocin ido ta Amurka wato AAO daga farko zuwa ƙarshe, yaransu na yin kyau a OKAP, jarabawar da ake yi wa duk 'yan residensin ido kowace shekara, kuma sun faɗi adadin waɗanda suka ci jarabawar ABO, hukumar da ke ba likitocin ido shaidar ƙwarewa, a zaman farko ba tare da an roƙe su ba. Abin da ya rage shi ne lokaci, kusan duk aikin yanar a shekarar ƙarshe aka tara shi, wanda hannunsa ke buƙatar lokaci kafin ya zauna ba shi da inda zai ja numfashi.

Ɗan Ƙarami shi ne ta fi samun bayani a kansa don a can ta yi wata guda na ziyarar aiki, ta gan su da idonta. Kilinik ɗin asibitin gunduma na 'yan residensi ne, mara lafiyan da ka gani a shekarar farko naka ne har ka gama, kai za ka bi hawan jinin idonsa, kai za ka yi masa leza in ciwon suga ya taɓa ratinarsa, in yanarsa ta nuna kai za ka cire. Ba sa barin kowa ya taɓa idon mutum sai ya gama darussan na'urar kwaikwayo ta Eyesi ya kuma yi atisaye a kan idon alade a ɗakin gwaji, daga nan a fara ba shi mataki ɗaya-ɗaya a tiyatar babbansa, yau saka madubi, gobe yanka, har a haɗa, aikin farko cikakke kafin ƙarshen shekarar farko ta ido. Felo ɗaya ne kawai a duk sashen, na ratina. Ta ba ni labarin wani dare da aka kawo wani magini ƙusa ta fasa masa ido, babbar 'yar residensi ce ta ɗinke daga farko har ƙarshe, malamin ya taso daga gida ya wanke hannu ya zauna a gefe, abin da ya yi kawai shi ne yanke zare da cewa ƙara zurfi kaɗan. Amma su ma da nasu raunin, kuma ba ƙarami ba. Likitarsu ta jijiyar ido da ƙwaƙwalwa ta yi ritaya ba a maye gurbinta ba, mai kula da kumburin cikin ido sau biyu a wata yake zuwa, bincike kuma sai wanda ya matsa wa kansa. Ga shi daraktan da ya gina duk wannan tsarin yana shirin sauka, mataimakiyarsa za ta hau. Wannan ya tsaya min a rai, don ƙaramin furogiram sau da yawa a kan mutum ɗaya ko biyu yake tsaye, in sun tafi al'adar wurin na iya bin su. Nace ta tambayi mataimakiyar kai tsaye me za ta canza me za ta bari, da kuma maganar gurbin da ba a cike ba. Matar ta amsa da imel mai tsawo, ba ta ɓoye ba tace sun yi shekara suna nema ba su samu ba, a yanzu tura yaran suke yi wata jami'a su yi wata ɗaya a can da kuɗin sashen. Amsar ba ta cike giɓin ba, amma na ji daɗin yadda ba ta yi kwana-kwana ba.

Daga nan magana ta koma kanta ita. Nace me kike so ki zama bayan shekara huɗun. In ratina kike so, wadda feloship ɗinta na tiyata shekara biyu ne kuma ana rububinsa, ko kina so ki zauna a jami'a kina bincike, to wasiƙar malamin Mai Suna da wayar da zai ɗaga ya kira abokinsa suna da nauyin da ba zan raina ba, duk wanda ya ce miki suna ba ya aiki a wannan fannin bai faɗa miki gaskiya ba, fanni ne ƙarami kowa ya san kowa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan tace Kawu gaskiya ban sani ba tukuna, wata ɗaya ina jin ratina wata ɗaya ina jin yara, abin da na sani shi ne ni ba mai saurin hannu ba ce, ko ɗinki a makaranta sai da na fi kowa maimaitawa kafin ya zauna, amma in ya zauna ya zauna. Tace ina tsoron wurin da za a tara min komai a shekarar ƙarshe. Wannan maganar ta fi duk layukan jadawalin nan amfani, kuma ba wanda zai iya faɗarta sai ita. Mun kuma duba inda 'yan Ɗan Ƙarami suka je a shekaru biyar da suka wuce, ba jerin da aka tace na shafinsu ba, cikakken jerin da ta roƙa aka turo mata, sai ga shi kusan rabi sun tafi aiki kai tsaye, sauran sun samu feloship har da na ratina, ba a manyan cibiyoyin da ake ji ba amma a wurare masu kyau. Kenan ƙofar ba a rufe take ba, ta dai fi ƙunci.

Sai wata matsalar ta taso da na san za ta taso. Daraktan Mai Adadi ya aiko mata da saƙo mai daɗi, cewa sun ji daɗin haɗuwa da ita kuma suna fatan ganinta, ƙawayenta suka ce ai wannan alama ce, ki sa su na ɗaya kar ki yi biyu babu. Nace kar ki kuskura. Lissafin da kwamfutar take yi ya samo asali ne daga aikin Gale da Shapley na 1962, wanda daga baya Shapley da Alvin Roth suka samu kyautar Nobel a kansa a 2012, kuma yadda aka gina shi sa wurin da kike so a sama ba ya rage miki dama a wurin da ke ƙasa. In na ɗayanki bai ɗauke ki ba sai a gwada na biyu kamar shi kika sa a farko. Don haka jera su yadda zuciyarki take so, ba yadda kike hasashen su suke son ki ba. Saƙon kuma ba alkawari ba ne, wataƙila mutum talatin aka tura wa irinsa. Abu ɗaya kawai, duk wurin da kika san gara ki rasa gurbi bana da ki je can, kar ki saka shi sam, don in ya faɗo miki ba ja da baya. Ta yi tunani tace Mai Adadi bai kai nan ba, gara shi da zaman shekara guda, sai ta bar shi a jerin amma ta sauke shi zuwa na shida.

Mahaifiyarta, wato Yaya, ba ta ji daɗi ba da ta ji Ɗan Ƙarami ne na ɗaya Mai Suna na biyu. Ta kira ni tace kai ne ka zuga ta, yarinya ta samu intabiyu a wurin da kowa ke nema ka sa ta zaɓi inda ba wanda ya sani. Nace Yaya ki yi haƙuri, ban zaɓar mata ba, kuma da ta sa Mai Suna a sama ma ba zan ce ta yi kuskure ba, tsakanin biyun nan ba mai laifi, tambayar dai ita ce wanne ya dace da hannunta. Ba ta gamsu ba a ranar, ni ma kuma har ta tura jerin a watan Janairu maganar sauyin daraktan nan ba ta bar raina ba.

Farkon Fabrairu sakamako ya fito, Ɗan Ƙarami ne. Ta fara a watan Yuli, yanzu tana cikin wata ukun ido na shekarar farko. Gurbin likitar jijiyar idon har yau ba a cike shi ba, sabuwar daraktar kuma ta bar tsarin kilinik ɗin yadda yake amma ta ƙara musu asibiti ɗaya a kol, abin da ba a faɗa musu ba lokacin intabiyu, kuma yaran ba su ji daɗinsa ba. Shekaranjiya da dare ta turo min ɗan bidiyo daga ɗakin gwaji, idon alade a ƙarƙashin maikiroskop, da'irar da take yagewa ta kuɓuce mata ta nufi gefe, karo na huɗu kenan a daren. Ta rubuta Kawu me nake yi ba daidai ba. Na kalla sau biyu na ce mata gaban idon ne ya yi sako-sako, ki ƙara man kafin ki ci gaba, kuma ki riƙa saki kina sake kamawa kusa da inda yagewar take, kar ki ja daga nesa. Tace babbarta ma haka ta faɗa mata ɗazu, gobe da asuba kafin kilinik za su koma tare su sake gwadawa.